Mai Awon Ƙasa da Mutanen Ɓoye

Daga cikin ire-iren ƙagaggun labarai akwai wanda ake ginawa bisa kalmomi uku kawai: «da a ce». Marubuci ya ɗauki abu guda da ba ya yiwuwa, ya ajiye shi a tsakiyar duniyar da kowa ya sani, sa'an nan ya bi sawunsa cikin natsuwa ya ga abin da zai haifa. Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tun da a 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. To, ga wani «da a ce» ɗin da ke jiran mai alƙalami: da a ce ma'aikatar magajin wani gari ta kira mai awon ƙasa, ta ba shi takarda da tawada iri biyu, ta ce ya zana mata taswirar garin da kewayensa, ya sa koren ɗigo duk inda mala'iku suke sauka, jan ɗigo kuma duk inda shaiɗanu suke kai da kawowa.

Wanda ya ji wannan karon farko zai yi dariya, ko kuwa ya yi a'uziyya. Malamai za su ce, da gaskiyarsu, ba a auna gaibu da igiya. A Suratul A'araf ma an bayyana cewa Shaiɗan da jama'arsa suna ganin mutane ta inda mutane ba su ganinsu. Amma labari ba fatawa ba ne, kuma abin da ya sa wannan dabara ta cancanci a tsaya kanta shi ne, taswirar da ake magana ta riga ta wanzu, a kan takarda ne kawai ba ta hau ba. Yaron da ya tashi a Tibiri, ko Mirya, ko Madawa, ya san tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, da kukar da ba a ratsawa bayan magariba. Ya san juji, da suri, da tsohuwar rijiya, da kangon gidan da ake ƙara sauri in an zo gabansa. Ya ga uwarsa ba ta watsa ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, don kada ta ƙona ƴaƴan waɗansu. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Ƙafarsa ce ta haddace. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya rubuta tun 1966 yadda ake kafa gari da gona bisa kusurwoyi huɗu, a binne magani a kowace kusurwa da tsakiya, domin a raba abin da ke na mutane da abin da ke na daji. Mai awon labarin nan, kenan, ba zai fara aiki a kan farar takarda ba.

Matsalarsa ta farko ita ce tawadar da aka ba shi. Faransanci ya raba abin gida biyu, ange da démon, kuma duk wanda ya taɓa sa ɗalibai su fassara kalma ta biyun ya san yadda aji yake rabuwa: wani ya ce shaiɗan, wani aljani, wani iska, wata kuma ta ce dodo. Ba ɗaya ba ne. A cikin aljanu akwai musulmi akwai kafiri. A Makka akwai masallacin da ake kira da sunansu, inda ake cewa sun saurari karatu, kuma alhazai da yawa sun gan shi. A wurin ƴan bori iskoki sun kasu farare da baƙaƙe, na gida da na daji, akwai mai sa ciwo kuma shi ne mai warkar da shi. Wace tawada za a ɗiga wa gindin tsamiyar da wata tsohuwa take kai wa fura shekara arba'in, tana cewa mai wurin shi ya riƙe mata ƴaƴa? Tun ranar farko mai awo zai gane cewa wanda ya ba shi kala biyu ya riga ya yanke hukunci kafin a fita awo.

Iskokin kuwa har birni gare su. Ƴan bori suna kiransa Jangare, suna lissafa zaurukansa goma sha biyu, kowane da maigidansa, da Sarkin Aljan a bisa duka. Tremearne, Baturen da ya tattara bayanan bori a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya buga su a 1914, an gaya masa cewa birnin yana can wajen Azbin, kuma babu mai rai da ya taɓa ganinsa. Abin sha'awa, a kan wannan hanya ta arewa ne, kusa da Gat a ƙasar Libiya ta yau, akwai dutsen Idinen wanda Abzinawa suke ɗauka fadar aljanu ce. A watan Yuli na 1850 Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da suna Abdul Karimu, ya ƙi jin gargaɗin ƴan rakiyarsa ya hau shi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa, sai washegari wani Ba'abzine ya tsince shi yana gab da mutuwa. Bayan wata uku ya shiga Agadas. Barth ya sa dutsen a taswirarsa, ya kuma bayyana abin da ya same shi da zafin rana da rashin ruwa. Ƴan ayarin suna da nasu bayanin, kuma a aikace nasu gargaɗin ne ya fi tsare rai.

Zana abin da ba a gani ba sabon aiki ba ne ga masu taswira. Al-Idrisi, da ya gama tasa a Palermo a 1154, bai manta da ƙasar Yajuju da Majuju a can gefe ba. A 1588 Galileo, yana saurayi, ya tsaya gaban masanan Florence sau biyu yana lissafin faɗi da zurfin Jahannamar da Dante ya siffanta, kamar mai auna rijiya. Sai dai waɗannan duk sun ajiye abin tsoro nesa, a bakin duniya ko a ƙarƙashinta, inda ba ya taɓa gidan kowa. Wanda ya fi dacewa mai awon labarin ya yi koyi da shi likita ne, John Snow. A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta Landan. Snow ya bi gida gida, ya ja ɗan baƙin layi a kan taswira a madadin kowane mamaci, sai layukan suka taru kewaye da famfo guda na titin Broad. A lokacin mutane ƙalilan ne suka yarda da ƙwayar cutar da ido bai gani ba, amma sawunta ya fito a takarda. Dabarar kenan: ba a zana wanda ba a gani, ana zana inda ya taka.

To, da me za a gane sawun mala'ika da na shaiɗan? A nan ne labarin zai yi daɗi, domin akwai hadisi sananne, a Buhari da Muslimu, da ya umarci wanda ya ji carar zakara ya roƙi falalar Allah saboda zakaran ya ga mala'ika, wanda ya ji kukan jaki kuma ya nemi tsari saboda jakin ya ga shaiɗan. Mai awo, da yake mutum ne mai son aiki da hujja, zai ɗauki wannan a matsayin na'urarsa. Zai raba wa yara littattafai da fensir, ya baza su unguwa unguwa, kowa ya rubuta sa'a da wurin da ya ji cara ko kuka. Bayan wata shida ya tara, ya ɗiga. Mai karatu ya riga ya hango abin da zai fito. Jan ɗigo zai cika kasuwar dabbobi, da bakin gulbi inda ake ɗibar yashi, da unguwar masu amalanke da masu sayar da itace, wato duk inda talaka yake neman abinci da jaki. Unguwar manya mai dogayen katangu ba za ta sami ja ko ɗaya ba, tun da mota ba ta kuka. Koren ma ba za ta samu da yawa ba, don ba a cika kiwon kaji a can ba, ga kuma karnukan gadi a bakin ƙofa, alhali an ruwaito cewa mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare. Malamai sun yi dogon bayani a kan karen gadi da na farauta, amma mai awo ba malami ba ne, abin da ya ji yake ɗigawa. Da ya ɗaga takardar ya duba, taswirar jakunan gari ce a hannunsa, ita kuwa taswirar jakuna ta talauci ce.

Koriyar tawada ta fi ba shi wahala, kuma wannan ne wurin da ya kamata marubuci ya daɗe. Wuraren da nassi ya ɗaure mala'iku da su ba su da yawa. Akwai Babila, inda Suratul Baƙara ta ambaci Haruta da Maruta, wadda kufanta yake kudu da Bagadaza. Akwai hanyoyin shiga Madina da aka ce mala'iku suna tsaronsu. In ban da irin waɗannan, sauran bayanan ba wuri suke nunawa ba, lokaci da aiki suke nunawa. Mala'ikun dare da na rana suna karɓeɓeniya a sallar asuba da ta la'asar. Waɗansu suna yawo suna neman inda aka taru ana ambaton Allah, in an watse su tashi. Waɗansu suna tare da mai zuwa gaida marar lafiya, waɗansu da mai neman ilimi. Yaya za a ɗiga abin da ke nan da hantsi, da azahar ya bar wurin? Wim Wenders, a fim ɗinsa na 1987 a kan mala'ikun birnin Berlin, ya fahimci wannan: nasa mala'ikun suna ratsa katangar da ta raba birnin kamar babu ita, kuma inda suka fi taruwa shi ne ɗakin karatu, a bayan kafaɗun masu karatu. Sa'an nan ga masu rubuta ayyuka, biyu tare da kowane mutum, dama da hagu. In mai awo ya ce zai lissafa su, sai ya je ya ari sakamakon ƙidayar 2012, wadda ta sami fiye da mutum miliyan 17 a Nijar, ya ninka biyu. Kudu za ta yi kore shar daga Gaya har Gure, Tenere ta zauna fayau. Amma an kuma ruwaito cewa kowane mutum yana da abokin rakiya daga aljanu, don haka duk inda kore ya faɗi ja ma zai faɗi, taswirar ta koma kalar ƙasa.

Akwai wani abu kuma da zai lura da shi, wanda ya shafi mutane fiye da mala'iku. In ya zauna a dandali ya ce wa ya san inda shaiɗanu suke, kafin a ɗauke tabarma ya cika shafi goma, kowa da gidan da zai nuna. In ya ce wa ya san inda mala'iku suke sauka, sai a yi shiru, wani ya ce masallacin Juma'a, a tashi. Matar da take ciyar da almajirai uku daga tukunyar da ba ta isar ƴaƴanta, ba wanda zai kawo sunanta, ita ma ba za ta so a kawo ba.

Duk da haka jar tawada ba ƙarya zalla ba ce, kuma labarin zai rage daraja in marubuci ya mai da shi ba'a ga masu camfi. A fitar da mai awo daga gari a ɗora shi kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogonduci, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram. Direbobi za su nuna masa kwanar da wata kyakkyawar mace take tsai da mota da dare, da gadar da ba a wucewa sai da addu'a. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogonduci, ta rubuta a 2002 a kan irin waɗannan labarai, ta kuma haɗa su da yadda aka yi hanyar: da aikin tilas na zamanin Turawa, wanda ba a soke ba sai 1946, da mutanen da aka kwasa daga gonakinsu, da itatuwan da aka sare aka raba iskoki da mazauninsu. In aka ɗora wannan taswira bisa ta jandarmomi mai nuna inda haɗari ya fi yawa, ba abin mamaki ba ne ɗigo ya hau kan ɗigo a wurare da dama. Malaman makaranta sun san ƙanwar wannan magana: ranar da ƴan mata suka fara faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, abin da iyaye suke fara tambaya shi ne me ke wurin kafin a gina makarantar, wace itaciya aka sare, wa aka tambaya. Ko mutum ya yarda da amsar ko bai yarda ba, tambayar tana riƙe da tarihin wurin da ba ya cikin kowane kundi. Maraɗi ma, da ambaliyar 1945 ta tashe ta daga bakin gulbi ta hau tudu aka yanka mata tituna miƙaƙƙu, ta bar wa marubuci tambaya mai kyau: su mutanen ɓoyen tsohon gari, sun bi ƙaura ko sun zauna a kufai?

Rabin labarin na biyu yana farawa ne ranar da taswirar ta fita daga ofis. Wani magatakarda ya ɗauki hotonta, kafin la'asar tana cikin kowace waya. Farashin fili ya faɗi a unguwar da ta yi ja, wani attajiri ya saye da arha. An fasa auren wata yarinya don ɗigo ya faɗi a layin gidansu. Mai gidan haya ya zo da kuɗi cikin ambulan yana roƙon a matsar da ɗigon kaɗan zuwa gabas, wajen maƙwabcinsa. Wannan sashe ba ya bukatar ƙage mai yawa, domin an riga an yi shi a zahiri. A farkon shekarun 1990 waɗansu masu wa'azin bishara a Amurka, irin su George Otis da Peter Wagner, sun yaɗa abin da suka kira zana taswirar ruhohi: a binciki tarihin gari, a gano aljanin da ke mulkin kowane yanki, a je a yi addu'a a wurin. A lokacin ne kuma Luis Bush ya fito da tagar nan ta tsakanin digiri 10 da 40 arewa, wadda Nijar gaba ɗayanta take ciki. Malaman Kirista da yawa sun ƙi wannan koyarwa, kuma masu ita addu'a suka yi, ba wuta suka sa ba; amma in aka duba inda jan ɗigonsu yake faɗawa, galibi wurin ibadar waɗansu ne.

Na gida ya fi wannan ciwo. A watan Nuwamba na 2000, lokacin bikin nunin tufafi na FIMA a Yamai, tarzoma ta tashi a can da Maraɗi, aka auka wa mashaya, da gidajen mata masu zaman kansu, da majami'u. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, a Damagaram sa'an nan a Yamai, an ƙona majami'u da dama, mutum 10 suka rasa rayukansu. Abin da ya kamata marubucin labarin nan ya tsaya ya duba a cikin waɗannan ranaku shi ne, taron bai tsaya tambayar hanya ba. Daga wannan ƙofa zuwa waccan aka bi, kamar masu riƙe da takarda. An daɗe ana zana ta a hira da huɗuba da raɗa, kowa ya san inda ja yake, kuma a ƙarƙashin kowane ɗigo akwai mai ɗaki da tukunyarta da ɗanta. Saboda haka marubucin da zai ɗauki wannan dabara, da malamin da zai ba da ita a aji a matsayin aikin rubutu, gara su ƙagi garinsu da sunayen unguwanninsa. Ɗalibi ɗan shekara goma sha biyar da aka ce ya zana inda shaiɗanun garinsu suke, gidan wani zai zana, mai yiwuwa kuma ɗan gidan yana zaune a benci na uku.

Saura matsala guda wadda ta shafi sana'ar mai awo kanta, ita ce ta ma'auni. Taswirorin da aka gada daga Turawa, waɗanda aka yanka ƙasar nan falle falle da su, suna kan ma'aunin 1 bisa 200.000. A irin wannan takarda milimita guda mita 200 ce a ƙasa. Bakin alƙalami in ya taɓa takarda sau ɗaya ya rufe masallacin unguwa, da mashayar bayan tasha, da makarantar allo, da gidan gwauruwar da ke sayar da ƙosai, duka a ƙarƙashin ɗigo guda. Mai awo zai ce a ba shi babbar takarda, 1 bisa 2.000, inda kowane gida yake fitowa da zanensa. A nan ma sai ya tarar gida ɗaya ɗaki shida ne, a wannan ana karatu, a wancan ana ƙulla sharri, da dare kuma su yi musaya. Ya sake faɗaɗawa har ɗaki guda ya cika falle, ya tarar da tabarma ɗaya da mutum biyu a kanta. Wa'adin da aka ba shi kuwa ya cika, damina ta ƙarato, ma'aikata tana son ta yanka sababbin filaye kafin ruwa ya sauka, kuma magajin gari ya aiko a gaya masa cewa falle guda yake so, wanda zai shiga cikin jaka, ranar Litinin da safe.